Ƙasar da Aka Soya Mini

Shekara goma sha shida matan unguwarmu ta Ruwais suna zuwa ƙofata da 'yan tsummokaransu suna karɓar ƙasa, kuma a cikinsu duka ba a sami mace ɗaya da ta tambaye ni abin da ke cikin ƙasar nan ba. Abin da suka sani kawai, daga gida ta zo. Sai ka ga mace ta tara hannu biyu ta karɓa, ta kai hanci, ta lumshe ido. Wata har da hawaye, tana kiran sunan wani gari da ita kanta ba ta taɓa gani ba, kakanta ne ya baro shi a ƙafa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da buhun rufi, ina jira ta gama ta ba ni wuri, don iska mai zafi tana shigar mini randa.

A wani ƙauyen Hausawa aka haife ni, a Sudan, bakin kogi. Gonar mahaifiyata akwai gawo uku a ciki, da tsamiya ɗaya a kan iyaka, da bagaruwa can gangare wajen ruwa. Ita ba ta san alif ba, ni ma har yau ban san shi ba, amma ka rufe mata ido ka damƙa mata ƙasa, ta ɗan tofa yawu ta murza ta shinshina, za ta gaya maka gindin bishiyar da ka ɗebo ta. Takan ce kowace bishiya da irin girkin da take yi a ƙarƙashinta. Gawo ganyensa ƙanana ne, da ruwan farko yake zubar da su, kafin sati biyu ka neme su ka rasa, ƙasa ta cinye. Dawar da ke gindinsa ta fi ta ko'ina tsawo, ganyenta kore har ya yi baƙi-baƙi. Maza su ce ai don shanu suna kwana a inuwarsa da rani ne. Rabin gaskiya ke nan, kuma maza rabin ya ishe su. Shanu suna kwana a gindin tsamiya ma, je ka shuka a can ka gani.

Ranar da ta nuna mini ainihin abin, ina 'yar budurwa. Ta tuge wake ɗaya daga gindin gawo, ta karkaɗe saiwar, sai ga wasu 'yan ƙuraje jere a jikinta kamar tsabar dawa. Ta fasa ɗaya da farce. Cikinsa ja, kamar ɗanyen nama.

"Nan ne madafin wake," in ji ta. "A nan yake dafa abincinsa, ya ci, ya bar wa ƙasa saura. In kin fasa kin ga ja, wuta na ci. In kin ga fari, ko kin tarar da saiwa sumul babu komai, waken nan maroƙi ne, sai abin da aka ba shi."

Na ce, wa ke sa masa ƙurajen?

Ta ce wani abu ne mai rai a cikin ƙasa, ido ba ya ganinsa. "Da kike ɗiga tsohon nono a sabuwar madara ta kwana ta zama kindirmo, kin taɓa ganin wanda ya yi aikin? To haka. Wata ƙasar tana da shi, wata ba ta da shi. Wadda ba ta da shi sai a ɗiga mata."

Da maigidana ya yi niyyar Hajji, kuma kowa ya san tafiyar ba ta dawowa ba ce, sauran iyaye mata suna ɗaure wa 'ya'yansu kuka da daddawa, ita sai ta je gindin babban gawon ta cika burgami da ƙasa mai danshi, ta ɗaure bakin sako-sako don ta sha iska. A jirgin ruwa daga Sawakin ana auna mana ruwan sha kamar magani, ni kuwa kullum sai na rage maƙwarwa biyu na zuba a burgamin. Maigidan, Allah ya ji ƙansa, ya yi ta yi mini dariya, wai kowa na ɗauke da zunubinsa zai je a yafe masa, ni na ɗauko ƙasa zan kai wa masu hamada. Ya ci waken nan shekara tara kafin ya rasu, ban ji ya sake dariyar ba.

Lokacin da muka sauka Jidda ba a daɗe da rushe ganuwar gari ba. Muka kafa sandaƙa a Ruwais, ɗakin katakon akwati ke nan da gwangwanin da aka buɗe aka miƙar. Ƙasar wurin ba ƙasa ba ce, gishiri ne da garin dutsen teku. Ka tona kamu biyu, ruwan zartsi ya taso. Matanmu da suka riga mu zuwa a garwa suke shuka. Su samo yashi daga inda ambaliya ke bi, su cakuɗa da ɗan kashin awakin da suka tsinto, su sa lalo da yakuwa da kuɓewa. Waɗannan suna yi daidai gwargwado. Amma wake da gyaɗa, a'a. Ya fito da kyau, ya kai taki ɗaya, sai ganye ya fara rawaya daga ƙasa ya hauro, shi ke nan. Suka yanke cewa wake ba ya son iskar teku. Babu wadda ta tuge ta duba saiwa. Shekara da shekaru suna kallon ganye suna tsaki.

Ni na juye burgamina a wata tsohuwar randa, na ajiye ta bayan ɗaki inda rana ba ta kaiwa, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kowace garwa in zan shuka, damƙi ɗaya nake sa mata daga randar. Wakena ya hau katangar kwano ya leƙa gidan maƙwabta. Daga nan aka fara sallama a ƙofata.

Randar nan kiwo ce, ba ajiya ba. Kullum akwai wake ɗaya ko biyu yana tsiro a cikinta ta gefen buhun, ko da tsakiyar zafi. In na yi roro, sai in daddatsa saiwoyin da harawar in mayar ciki. Abin da na ɗiba in cike gurbinsa da wankakken yashi, kafin wata biyu ya zama ɗan gida. Ruwa sai na bazan, famfon unguwa da muke bin layi, kuma wanda bai taɓa sabulu ba. In ka ɗaga buhun, ƙamshin farkon damina ya buge ka. Akwai fararen zare-zare a ciki kamar saƙar gizo, da 'yan ƙwari masu gudu in sun ga haske. Da zafi, in garewani sun bushe, gishiri ya fito musu fari a sama, zubar da ƙasarsu ake yi a kife su, don duk abin da ke ciki rana ta kashe shi. Randar nan kaɗai ke tsallakar da shi zuwa sanyi.

Wadda ta tambaye ni yadda ake yi da na gaya mata, sai dai babu wadda ta tambaya. Su karɓi damƙi ɗaya, rabi su zuba a garwa, rabi su ɗinke a laya. Wata ta jiƙa ta yi wa jaririnta wankan fari da ita. Wata tsohuwa ta bar wasiyya a barbaɗa mata a kabari. Mijin wata kuma, da ya fara zama wajen masu wa'azi, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa yana gaya mini neman albarka a ƙasa shirka ce. Na ce, "Malam, ni ba albarka nake nema a randa ba, wake nake nema. Matarka za ka je ka yi wa." Masu kuka a kanta da mai wa'azi a kanta, duk ɗaya na ɗauke su. Ko ɗayansu bai taɓa sa yatsa ciki ba.

Sai babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa, ya yi aure. Babbar mota yake tuƙawa, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa yana kaiwa Makka. Ya auro 'yar wani tela. Bahaushiya ce a jini, amma a Jidda aka haife ta, a Jidda aka haifi uwarta. Hausarta ɗingishi take yi, kalma uku sai ta faɗa Larabci ta huta. Ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. Tsabta ce ciwonta. Yarinyar nan sai ta wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Ta goge mini buta har ta huda ta. Duk abin da ya yi danshi ko ya yi motsi, a wurinta ƙazanta ne.

Shekara ta biyu da aurensu 'yata da ke Madina ta haihu, na shirya tafiya wankan jego, kwana arba'in, da tsakiyar zafi. Randa ba ta ɗaukuwa a bayan mota cikin irin wannan rana. Na kira surukar tawa bayan ɗaki.

"Kin ga wannan? Bayan kwana bibbiyu ki yayyafa mata ruwa moɗa ɗaya, ki jiƙa buhun ki mayar. Shi ke nan."

"Tayyib, ammati," in ji ta. Haka take kirana, da Larabci. "Ƙasar kaka ce, sah, ko ba haka ba? A kan idona, a kan kaina."

Da na san abin da ladabin nan zai haifa, da na gwammace ta yi mini rashin kunya.

Da hantsi na dawo. Tun daga ƙofa na ga gidan yana ƙyalli. Ta tarbe ni da shayi da fara'a irin ta wanda ya ɓoye kyauta. Ban sha ba, na zagaya baya. Randa tana nan a kife, an wanke ta tas, tana shan rana.

"Ina ƙasata?"

"Istanni, ammati, tsaya ki gani." Ta ruga ɗaki ta jawo wata 'yar adakar ƙarfe mai zanen furanni, wadda ta zo da ita cikin kayan aurenta. An lulluɓe ta da farin yadi, tana ƙamshin turaren wuta. Ta buɗe. Gari ne a ciki, laushi kamar na tuwo, launin toka.

"Kwana uku da tafiyarki na ɗaga buhun," in ji ta, "wallahi ammati ta lalace. Fumfuna fari ko'ina, da dud, tsutsa, da wari. Na ce haram ƙasar kaka ta ruɓe a hannuna. Na tankaɗe ta sau biyu, na cire duk saiwoyi da datti. Na shanya a kan kwano usbu guda, sati. Da na ga har yanzu akwai abin da ke motsi, na aro kaskon gyaɗa wajen maƙwabciya na soya ta, shwayya shwayya, a hankali, har ta daina hayaƙi. Halas, yanzu ko shekara ɗari ba za ta lalace ba."

Gaskiya ta faɗa. Toka ma ba ta lalacewa.

Na sa hannu na damƙa, ta zurare ta tsakanin yatsuna. Na tofa yawu na murza na shinshina, gyaɗa na ji da turare. Ruwan da na hana maƙogwarona a jirgi, da shekara goma sha shida na bin layin bazan, duk an soye a kaskon aro. Ban zage ta ba. Na dube ta kawai na ce, "Sannu da aiki." Ta ce, "Allah yisallimik," tana murmushi. Ko gatse ba ta ganewa da Hausa.

Ɗana da ya dawo ya ji, cewa ya yi, "Inna, ƙasa ce fa. Ta ƙare a duniya ne?" Matan unguwa kuwa yabon yarinyar suka shiga yi, wai yanzu ne ƙasar gida ta sami mazaunin da ya dace da ita, da can Hajiya ta bar ta a bayan ɗaki kusa da kwata.

Da sanyi ya shigo na shuka da soyayyiyar, don kada a ce ban gwada ba. Wake ya fito, ya kai taki ɗaya, rawaya ta kama shi daga ƙasa. Na tuge, saiwa sumul kamar zaren ɗinki. Ɗana ya ga na kwana biyu ba na magana, sai ya shigo mini da ƙullin wani farin abu kamar sukari, wai samad, takin kanti. Na barbaɗa. Kafin sati ganye ya yi kore shar.

"Kin gani, Inna? Ilimi ke nan," in ji shi.

Na tuge ɗaya na nuna masa, saiwar tana nan tsirara. Na daina barbaɗawa sati biyu, rawaya ta dawo, gishiri ya ƙaru a bakin garwa. Na ce masa, "Waken da sai an ba shi a baki kamar mai jinya, kai ka riƙe abinka."

Aikawa gida ba ta taso ba. Mahaifiyata ta rasu, gonar ta koma hannun wasu. Ko da akwai mai zuwa, wa zai rage ruwan shansa ya ba burgami a jirgi? Waɗannan mutanen? Sai na ce a raina, Allah bai halicci abin nan don ƙauyenmu kaɗai ba. Na ɗauki 'yar fartanyata da ƙullin tsummoki, na shiga bin bishiyoyin Jidda ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙasa da garwarta, kowace garwa wake biyar.

Dalbejiya na fara, don ita ce ta cika Balad, tsohon gari, maza suna zaune a inuwarta suna shan shayi. Na durƙusa a gefensu ina tona, suna ɗaga ƙafa suna kallona. Ƙasar ɗaci take yi har a hanci. Waken ya fito tsab, ko tsutsa ba ta taɓa shi ba, amma fari fat kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi, saiwa babu komai. Sai atal, wata bishiya mai ganye kamar gashi da ke bakin teku arewa da mu. Ƙasar gindinta baƙa ƙirin, mai kauri, irin wadda duk wawa zai gani ya cika buhu. Na ɗora a harshe, gishiri zalla. Ashe bishiyar gishiri take tsattsafowa ta ganye ta zubar a gindinta. Irin ya kumbura ya ruɓe, ko kai bai fitar ba.

Akwai bishiyar turare, su kafur suke ce mata, da masu kuɗi suka fara shukawa a sababbin gidajensu na hanyar Madina, don tana saurin tsawo. Mai gadin wani gida, Bahaushe, ya buɗe mini ƙofa. Ganyen bara yana nan kwance a gindinta kamar yankakkiyar fata, bai ruɓe ba, bai yi niyya ba. Na zuba ruwa ya gangare bai shiga ba. Ko tururuwa babu.

"Hajiya, magani za a haɗa?" in ji mai gadin.

Na ce, "I, na wauta. In ya nuna zan aiko maka."

Magarya ce ta ɗan yi abin kirki. Ƙasarta tana da ƙamshi, ganyenta yana ruɓewa, lalo zai so ta. Waken ya yi ƙuraje biyu ko uku, na fasa, fari ne ciki. Rabin sanyi ya tafi, bayan ɗakina ya cika da garewani masu rawaya, maƙwabta sun fara raɗa wai tun da Hajiya ta dawo daga Madina kanta ya taɓu.

Sai aka yi ruwa, irin na Jidda, sau ɗaya kamar da bakin ƙwarya, ya wuce. Bayan kwana goma ɗana yana cin abinci yana ba matarsa labarin hanya, wai abin mamaki, a kwarin da ke gefen hanyar Makka kowace bishiyar ƙaya ta yi zobe kore a gindinta, tsakaninsu kuwa tsakuwa ce ƙwal. Hira yake yi. Shekara nawa yana wucewa ta wurin, sau biyu a rana.

Na ce, "Juma'a da asuba za ka kai ni."

Muka wuce Bani Malik, lokacin gidajen ba su da yawa, muka bar kwalta muka gangara kwarin. Samur ake ce wa bishiyar. Kanta a baje kamar faifai, ƙayarta fara, ganye ƙanana, 'ya'yan a murɗe. Tun daga mota na gane danginta. Ko makaho ya shafa ganyen ya san 'yar'uwar gawo da bagaruwa ce. Na sauka na nufi gindin wata babba, na ɗaga fartanya, sai na ji murya a bayana. Wata Balarabiyar daji ce, tsohuwa kamar ni yanzu, fuska a rufe, da sanda da awakinta.

"Ya hajja, me kika binne a nan?"

Na ce da ɗan Larabcina na kasuwa, "Ban binne ba, ɗiba zan yi."

"Ƙasa? Ku mutanen birni kun cinye taku?"

"Tamu an soya."

Ta yi dariya har sandar ta faɗi. Sannan ta ɗauka ta doki wurin da zan sara. Ta ce ba nan ba, nan awaki ke kwanciya, fitsari ya ƙona shi. Ta ja ni zuwa inda inuwa ke ƙarewa da tsakar rana, ta ɓangaren da rana ba ta duka, ta ce in share saman in tona zurfin tafin hannu. Ta ce ciyawar gindin samur ita ke fara fitowa, ita ke ƙarshen bushewa, akuyar da ta ci ta nononta ya fi kauri, gindin atal kuwa ko kwanciya awakinta ba sa yi. Ita ce mace ta farko a ƙasar nan da na ji ta yi magana a kan ƙasa kamar mai hankali, kuma ba ta taɓa shuka komai ba a rayuwarta.

Na tona. Ƙasar ba baƙa ba ce, ja-ja ce mai yashi, ba wanda zai kalle ta sau biyu. Na damƙa ta dunƙule, na kai hanci. Akwai 'ya'yan samur da suka tsiro da ruwan nan, tsawon yatsa. Na ciro ɗaya a hankali da ƙasarsa, na hure saiwar, ga ƙurajen nan. Na fasa. Ja.

Na zauna a ƙasa daɓas. Ɗana ya ce, "Inna, lafiya?" Na ce, "Kawo buhun, ka jiƙa shi tukuna." Da za mu dawo ya ce a jefa shi baya. Na ce shi ya koma bayan in yana so. A gaba na ajiye shi tsakanin ƙafafuna, na rufe shi da gyalena.

Ba zan ɓoye ba, a hanyar nan akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shekara goma sha shida ina gadin abu kamar ni kaɗai Allah ya ba, ashe yana kwance tafiyar sa'a ɗaya daga ƙofata, awaki suna taka shi. Na haɗiye, ban gaya wa ɗana ba.

Na kafa randa a inda take, na shuka garwa shida. Bayan kwana arba'in ganye ya yi baƙi-baƙi, ya kama katanga. Na aika aka kira matan unguwa. Na tuge ɗaya daga tawa, na tuge ɗaya daga garwar da na shuka da soyayyiyar ƙasar surukata, na jera musu saiwoyin a kan faifai. Na fasa ƙurjin na nuna musu jan. Na gaya musu duk abin da mahaifiyata ta gaya mini, na gaya musu inda na ɗebo, da bishiyar, da ɓangaren da ake tonawa. Abin da ban taɓa yi ba, na buɗe musu ciki ba tare da an tambaye ni ba.

Surukata ta leƙa, ta ga jan, ta ce, "Dam, jini," ta tafi wanke hannu, ita da ba ta taɓa ba.

Babbar maƙwabciyata, mai tuyar ƙosai a bakin bazan, ita ta yi magana da yawun sauran. "Ƙasar gindin ƙaya, Hajiya? Inda awakin ƙauyawa ke fitsari? Ina ta san wakenmu? Wake ɗan gida ne, ƙasar gida yake ji."

Suka tashi suka bi surukata ɗaki, ta buɗe musu adaka, ta ɗibar musu da cokalin shayi tana ƙulla musu a takarda. Shekarar nan lungunmu daga farko har ƙarshe rawaya ne. Wata ta ce iskar teku ce ta dawo, wata ta ce irin bana ba shi da kyau, wata ta ce baki ne. Ni na yi roro sau biyu. Na yi kwaɗon ganyen wake da ƙuli, na dafa ɗanyen wake da gishiri, na raba gida-gida, don in ji abin da za su ce.

Washegari mai ƙosai ta shigo, ta waiga, ta tura ƙyaure, ta zauna kusa da ni har gwiwarta na taɓa tawa.

"Hajiya, tsakanina da ke. Shekara nawa muna tare. Kin ɓoye ta ainihin, ko? Kafin ki tafi Madina kin rage."

"Ban rage komai ba. Ta gindin samur ce."

"Na ci waken nan fa. Harshena ba ya yi mini ƙarya, ɗanɗanon gida ne." Ta ƙifta mini ido. "Na gane, ba kya son yarinyar ta sani. Don Allah damƙi ɗaya. Ba mai ji."

Na kai ta bayan ɗaki na ɗibar mata. Ta tara hannu biyu, ta shinshina, ta ce wallahi har ƙamshin kogi tana ji. Na ce ta zuba duka a garwa, kada ta ɗinke ko ƙwaya, kuma ta shuka yau. Wannan kam ta bi. Wakenta ya yi kyau a ƙarshen sanyi, kafin sati biyu duk Ruwais ta san Hajiya tana da ta ainihi a ɓoye, ba ta ba kowa sai wanda ya iya roƙo.

Na rantse musu sau biyu. A na uku na ga rantsuwata ta fi ƙarfin wannan magana, na bari. Duk shekara in an yi ruwa sai in sa ɗana ya kai ni kwarin in ƙaro. Mu dawo da hantsi, in sauko daga mota da buhu a ka yana ɗiga, in wuce su a bakin ƙofa suna tsintar shinkafa. Su ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, ina aka je?" In ce, "Gindin ƙaya, ɗiban ƙasa." Su kwashe da dariya, wai Hajiya ba ta rabo da barkwanci.